Hoton da Ya Tsaya a Goshi

Kwanan baya ma'aikata suka zo da wata mota mai ƙugiya suka tuge falwayar da ke bakin lungunmu a Nima, unguwarmu ta birnin Ankara, dogon iccen nan baƙi da wayoyin tarho ke rataye a jikinsa tun ina yarinya. Ba su wani daɗe ba. Suka yanke wayoyin da suka rage, suka nannaɗe, suka jefa a bayan mota, suka tura ƙasa a ramin. Ina zaune a ƙofar gida ina tsince wake ina kallonsu. Babu wanda ya ko tsaya tambaya. Samarin da ke wucewa kowa idonsa na kan wayar hannunsa, yana hira da ɗan'uwansa da ke wata ƙasa, fuska da fuska, kamar suna zaune kan benci ɗaya. Ni kuwa sai na ji kamar an cire mini haƙori. Ciwon ba shi da yawa, amma harshe ya ƙi barin gurbin. Tun ranar nake ta tuna wani mako guda na ƙuruciyata, da abin da wata siririyar waya da ta taso daga iccen nan ta sa muka gani.

Nimar da na tashi a cikinta da kunne ake saninta kafin ido. Ladan ne ke fara buɗe gari, sai ƙarar bokitai a bakin famfo, sai mata suna faɗa a kan layi da Hausa da harsunan Tuwi da Ga a haɗe cikin numfashi ɗaya. Daga nan sai injin niƙa na bayan gidanmu, wanda kowa ke kira nika-nika, ya tashi da gurnaninsa, ya wuni yana girgiza kwanon rufin gidaje. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni, kuma wake da shinkafa take sayarwa a bakin titi. Aikina shi ne wanke ganyen ƙunshi, da tsince wake, da juya shito, baƙar miyar barkonon nan, a kan wuta har hayaƙin barkono ya sa ni hawaye. In na yi ƙorafi sai ta ce mini hawayen barkono ba ya kashe mutum, in ci gaba da juyawa kada ya kama. Yanzu a roba ake zuba abincin, shito kuma a kwalba ake saye. 'Yan matan gidanmu ba su san nauyin muciya ba. Ba na zarginsu, sauƙi ne Allah ya kawo musu, amma akwai ƙamshin da ganyen nan ke ba shinkafa mai zafi wanda na tabbata ba zan ƙara jin irinsa ba.

Akwai abin da Gwaggo ba ta cika magana a kai ba, ko da yake duk lungun an sani. Tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda suka tashi tare suna talla. A shekarar da hukuma ta ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasar, ƙanwar tana amarya, mijinta kuma mutumin Nijar ne da bai da takarda. Aka loda su a babbar mota tare da ɗimbin mutane, da tabarmi da tukwane. Gwaggo ta bi motar da gudu har ta gaji. Da farko akan ji labarinsu a bakin fatake, daga baya aka ce mijin ya rasu, aka ce ta koma wani ƙauye, sai labari ya yanke ɗif. Ni ban taɓa ganinta ba, a lokacin ina goye. Babban ɗan Gwaggo, wanda nake kira Yaya, direban motar goro ne mai zuwa arewa. An sha kawo masa labarin wata mata mai irin sunanta, ya bar hanyarsa ya shiga daji nema, ya tarar wata ce daban. Duk dawowar da zai yi hannu wofi, sai Gwaggo ta kwanta ciwo. A ƙarshe ya rantse ba zai ƙara bin jita-jita ba, don yana gudun wata rana labarin banza ya kashe masa uwa.

Na girma, na koyi buga tafireta a wata makaranta a cikin gari. A daidai lokacin Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya dawo daga Jamus da tsohuwar kwamfuta da wani ɗan akwati mai fitilu jajaye da ya ce sunansa modem. Ya kama shago a lungunmu, ya ja layin tarho daga falwaya, ya ɗauke ni aiki. Mutane na zuwa su kira 'yan'uwansu na waje, ko su aika faks, ni kuma ina buga musu takardu. Amma abin da Kawu ke alfahari da shi shi ne intanet. Yaran yanzu ba za su gane ba in na ce musu a da sai ka kira intanet a tarho kamar yadda ake kiran mutum, ka jira ya amsa. Modem ɗin zai buga lamba, sai ka ji ƙara siririya, sai wani kuka kamar na kyanwar da aka taka wa wutsiya, sai shuuu kamar an zuba ruwa a mai mai zafi, sannan shiru. Shirun nan shi ne albishir, an haɗu ke nan. Tsofaffin lungu sukan tsaya a ƙofa su saurara, wasu su yi a'uziyya su wuce.

Sai dai layin namu ba shi da tabbas. A ƙasan allon kwamfutar akwai wata lamba da ke nuna gudun da aka samu. Wata rana ta yi sama, saƙo ya shigo kafin ka gyara zama. Wata rana ta faɗo ƙasa, ka zauna kana kallon allo har shayinka ya huce, kuma ana tsakiyar abu layin ya katse, a koma farko. Na lura safiyar Lahadi ya fi gudu, muka ɗauka don ofisoshin cikin gari a rufe suke ne, masu amfani da layi sun ragu. Ga shi a shekarar ruwan dam ya ja baya, ana raba wutar lantarki unguwa-unguwa. In an kawo tamu kowa sai ya zabura, tela ya hau kekensa, mai walda ya kunna, mai aski ya jona, mu ma mu kunna kwamfuta, duk ana tseren kada a ɗauke. Mun saba da wahalar, muna ɗaukarta kamar zafin rana, abin da ba a yi masa magani.

Wani farkon mako saƙo ya shigo daga ɗan maƙwabcinmu, wanda ke aikin tafinta da wasu masu haƙa rijiyoyi a Nijar. Ya ce a kasuwar wani ƙauye, wanda ya rubuto sunansa, ya ga wata tsohuwa tana sayar da wake da shinkafa irin namu na Ankara, har da shito, abin da bai taɓa gani ba a ƙasar. Yana tsaye akuya ta sa baki a tukunyarta, tsohuwar ta kore ta da zagi da harshen Ga. Da ya tambaye ta, sai ta ce a Nima aka haife ta, ta faɗi sunan yayarta, ta fashe da kuka. Ya ɗauki hotonta da kyamarar maigidansa, da suka shigo babban birni ya sa aka ɗora hoton a wani shafi na intanet, ya aiko mana da adireshin. A ƙarshen saƙon ya ce gobe za su koma daji, ba za a same shi ba sai bayan damina.

Na karanta wa Gwaggo saƙon a ɗakinta. A lokacin ƙafafunta sun kumbura, hawan jini ya sa ta gaba, ta bar wa surukarta zaman bakin titi, ita sai dai ta sa ido a kan tukunya daga kan kujera. Da na gama ta aika a kira mata ɗanta. Yaya ya zo aka maimaita masa. Ya ce sunan Gwaggo suna ne da kowane gida a Zango, wato unguwannin Hausawa irin tamu, ke da mai shi, kuma matan da aka kora a shekarar nan masu jin Ga ba su ƙirguwa. Zai tashi da mota bayan sallar Juma'a, in ya wuce wannan tafiyar kuma ruwa zai rufe hanyoyin ƙauyukan, sai wata shekara.

"Mma, ba ƙi nake yi ba," in ji shi. "Ki ga hoton da idonki. In kin ce ita ce, ko a ina take zan je. In ba ki gani ba, ba zan sake ɗaga miki rai a banza ba."

Gwaggo ta dube ni ta ce, "To, kin ji. Ki nuna mini."

Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Da aka kawo wuta na kira, aka haɗu, na buga adireshin. Hoto a wancan zamani daga sama yake saukowa, layi bayan layi, kamar ana sauke labule a hankali. Wanda ya ɗora wannan kuwa bai rage girmansa ba, ƙato ne. Muka ga sararin sama, muka ga reshen wata bishiya, sai ɗankwali shuɗi mai ɗigon fari ya fara fitowa, sai goshi. Nan layin ya katse. Na sake kira, aka koma sararin sama, reshe, ɗankwali, goshi, ya sake katsewa. Wani lokacin ko ɗankwalin ba ma kaiwa. Haka muka wuni har aka ɗauke wuta. Kafin a kwana biyu duk lungun an san launin ɗankwalin nan, mata na leƙowa suna tambaya ko an kai ido.

Kawu ya shiga gari wurin wasu masu layi mai kyau. Can hoton ya fito, amma faifan da ya je da shi ya yi wa hoton kaɗan, da suka buga masa a takarda kuma sai fuskar ta fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Gwaggo ta juya takardar sama da ƙasa ta ce wannan ai kowa ma zai iya zama. Ofishin mutanen a saman bene yake, ita kuwa ko bakin titi ba ta iya kaiwa. Na ce a ɗauki kwamfutarmu a kai can, Kawu bai bari na rufe baki ba, ya ce tsohuwar kwamfutar nan in ta sha girgizar turoturo, motar hayar cikin gari, ba za ta ƙara tashi ba. Ya rage dole hoton ya sauko a shagonmu, inda za a iya ɗauko Gwaggo a kujera.

Muka shiga neman inda cutar take. Na canja guntuwar wayar da ta haɗa modem da bango. Na cire injin faks da tarhon da ke kan layin, don kada su riƙa jan ƙarfinsa. Kawu ya aro wani modem wurin abokinsa, shi ma ya yi abin da namu ke yi, muka san ba daga akwatin ba ne. Daga nan Kawu ya roƙi wani abokinsa ma'aikacin tarho, dattijo mai haƙuri, ya biyo bayan ya tashi aiki. Ya hau falwaya ya maƙala ɗan tarhonsa a akwatin da ke sama, ya saurara, ya sauko ya ce a can layin tas yake, matsalar tana tsakanin iccen da shagonmu. Shi ya koya mini abin da ban manta ba har yau. Ya ce in ɗaga tarho, in danna lamba ɗaya kawai don ƙarar layin ta ɗauke, sannan in kasa kunne. Layi mai lafiya shiru yake yi. Duk abin da na ji a cikin shirun nan, modem ma yana jinsa, kuma shi ke hana shi fahimtar abin da ake faɗa masa. Ya kuma nuna mini inda zan rubuta wa modem ɗin umarni ya rage gudu, don in ya yi a hankali ya fi jure hayaniya. Kawu ya ɓata rai, shi da ya ɗauko akwatin nan tun daga Jamus saboda gudunsa, amma ya yarda.

Na ɗaga tarho na yi yadda ya ce. Abu biyu na ji. Akwai ƙas-ƙas da ke zuwa yana tafiya, kamar ana suyar ƙosai a nesa. A ƙarƙashinsa kuma akwai wani gunji mara yankewa. Na farkon bai ba mu wuya ba. Yaya ya hau rufi ya bi wayar, ya tarar guntu-guntu aka haɗa ta, an naɗe mahaɗan da salatif, iskar teku ta sa sun yi kore da tsatsa, kuma a wurare da dama tana kwance a kan kwano, in iska ta kaɗa sai ta goga. Ya kankare mahaɗan ya sake murɗe su. Ƙas-ƙas ɗin ya ragu. Na kira, da gudun da aka rage, muka wuce goshi, muka ga gira. Har na fara murna, layin ya katse. Gunjin yana nan, kuma babu wanda ya san daga ina yake.

Ranar Alhamis da la'asar ina zaune ni kaɗai a shago, tarho a kunne, na rasa abin yi sai sauraron gunjin nan kamar zai gaya mini sunansa. Sai kawai ya ɗauke. Shiru tas, irin wanda dattijon ya kwatanta. Na cire tarhon daga kunne don in duba ko wuta aka ɗauke, sai na ji lungun ma ya yi wani irin shiru. Daga bayan gida na jiyo mai nika-nika yana faɗa da bel ɗin injinsa da ya zame. Na mayar da tarhon kunne na jira. Da ya mayar da bel ya kunna, gunjin ya dawo cikin tarho a daidai lokacin da ya dawo cikin lungu. Na fita da gudu ba takalmi na ɗaga kai. Wayarmu ta bi ta kan rufin injin, an ɗaure ta tsaf a jikin ƙatuwar wayar wutar da ke shiga wurinsa, suna tafe tare kamar tagwaye. Mai injin kuwa Kirista ne, Lahadi da safe yana coci. Ashe ba ofisoshin gari ne ke ba mu hanya ba.

Sanin cuta daban, magani daban. Sauya wa wayar hanya sai an sami sabuwa doguwa, dattijon ya ce ba zai samo ba sai mako mai zuwa. Kafin in sake gwadawa kuma aka ɗauke wuta, aka ce sai Juma'a da hantsi. Abin da ya rage shi ne a roƙi mai injin ya kashe na ɗan lokaci. Efo muke ce masa, ɗan ƙabilar Ewe ne da ya tsufa a Zango, Hausarsa irin tamu ce ta Ankara, mace da namiji duk "ya" ne. Mutumin kirki ne, amma na san abin da zan roƙa ba nasa ba ne shi kaɗai. Tun kafin a kawo wuta mata suke jera kwanonin jiƙaƙƙiyar masara a ƙofarsa, masu dokunu, tuwon masarar nan da ake ƙunshewa a ganye, da masu koko, kuma masarar da ta jiƙu ba ta jira. In wuta ta tafi ba a niƙa ba, ta lalace, abincin gidan mutum ya tafi.

Juma'a da hantsi aka kawo wuta, injin ya tashi. Na je na durƙusa na gaida Efo, na yi masa bayani da ƙarfi saboda ƙara. Ya saurara, ya girgiza kai, ya nuna mini layin mata da haɓa.

"Ni ba matsala," in ji shi. "Amma ka gaya ma su. In su ya yarda, ni ya kashe."

Na juya na fuskanci matan. Na fara magana, wata ta ce ita tun asuba take nan, wata ta ce in aka ɗauke wuta ni zan ciyar da 'ya'yanta? Gaskiya suka faɗa. Ana cikin haka sai ga Yaya da abokinsa sun ɗauko Gwaggo a kujera za su kai ta shago. Ta ce su sauke ta nan. Ba ta roƙi kowa ba, ta dai gaishe su, ta ambaci sunan ƙanwarta, ta ce ita ake so a gani. A gaban layin akwai wata tsohuwa 'yar Ga mai sayar da dokunu, wadda kwanonta ne ke shirin shiga inji. Ta maimaita sunan a hankali. Ta ce ba ita ce siririyar nan mai dariya da yawa ba, wadda suke zuwa kasuwar Makola tare sayen gishiri? Ta ce ranar da aka loda su a mota tana wurin, ita ta miƙa mata ƙunshin dokunu ta taga. Sai ta sa hannu ta janye kwanonta daga bakin injin, ta ajiye a ƙasa, ta zauna a kan murfinsa. Ta bayanta ta dube ta, ta sauke nata. Haka suka yi ta saukewa har ƙarshen layi. Efo ya miƙa hannu ya kashe.

Ban taɓa jin Nima ta yi shiru da rana irin na ranar ba. Mai walda ya ji labari ya ajiye aikinsa ba wanda ya roƙe shi. Iska na kaɗawa daga teku, sai abokan Yaya suka kwaso gorar da ake kafa rumfar biki da ita, suka tsaya a jere cikin lungu, kowa ya tallafe wayar sama don kada ta taɓa kwano. Aka shigar da Gwaggo shago aka ajiye ta dab da allo. Na ɗaga tarho na danna lamba ɗaya, na ji shiru kamar cikin rijiya. Na yi bisimilla na kira. Modem ya yi kukansa ya haɗu. Ban taɓa umarnin rage gudun ba, na bar shi ya tafi a hankali.

Sararin sama ya sauko, da reshe, da ɗankwali. Mata sun cika ƙofa da taga, na gaba na gaya wa na baya inda aka kai. Goshi ya fito, gira ta fito. Na kasa kallon hoton, fitilun modem nake kallo, ina roƙon Allah kada su mutu, kada kuma a ɗauke wuta. Sai na ji Kawu ya ja numfashi. Idanu sun fito, ƙanana, a ɗan runtse saboda rana. Hanci ya biyo, da kumatu da suka faɗa, da baki a ɗan buɗe kamar mai shirin tambaya. Gwaggo ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Tana kallo har haɓa ta fito, har wuya.

"Wannan ai Innarmu ce," in ji ta.

Aka dubi juna. Mahaifiyarsu ta rasu tun kafin a haife ni. Yaya ya sunkuya ya ce, "Mma, ki duba da kyau."

"Na duba. Na bar ta yarinya, ta je ta tsufa ta koma Inna sak." Ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin, sannan ta juya wurin Yaya. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa. "Kai, je ka ɗauko uwarka."

Wata a bakin taga ta rangaɗa guɗa, sauran suka karɓa, har ta kai ƙarshen lungu wurin masu riƙe da gora, waɗanda ba su ga komai ba amma suka kama kabbara. Tsohuwar nan mai dokunu ta kutsa ta duba, ta riƙe baki, ta ce ita ce, ta fita tana share ido da zanenta. Efo ya leƙo yana tambaya ko shi ya kunna. Aka ce ya kunna. Allah kuma ya taimaka wutar ta kai har bayan la'asar, babu kwanon da ya kwana ba a niƙa ba. Ni dai ina zaune a gaban allo. Kawu ya dafa kaina ya ce daga yau sha'anin layin nan a hannuna yake, shi ya koma mai taya ni. Yaya ya yi sallar Juma'a ya tashi da mota.

A makon da ya biyo baya dattijon ya kawo sabuwar waya guda ɗaya ba mahaɗi, aka bi da ita ta ɗaya gefen lungun, nesa da injin, aka ɗaga ta daga kan kwano. Na mayar wa modem gudunsa, ya riƙe. Har daga unguwar Maamobi ake zuwa shagonmu saboda an ce layinmu ba ya katsewa, kuma masu buɗe irin shagon sukan aiko a kira ni in je in saurarar musu layi. Na yi shekaru ina wannan, da tarho a kunne, ina bin waya da ido ta kan rufin mutane, ina tambayar wa ke da inji ko firji a kusa. Sana'ar ta mutu yanzu, babu mai bukatarta. Amma a cikinta na yi aure, na yi renon 'ya'yana, kuma ita ta sa na san cewa ni ma ina da kan da zai iya warware abu.

Yaya ya dawo bayan an fara ruwa. Motarsa ba ta shiga lungu, don haka a ƙafa suka ƙaraso, da rana tsaka, shi a gaba da ƙunshin kaya, wata 'yar ƙaramar tsohuwa a bayansa tana ta waige-waige. Gwaggo na tsakar gida a kujerarta, tukunyar wake na kan wuta. Matar da ta yi watanni ba ta miƙe ba sai an kama ta, sai ga ta tsaye da kanta. Baƙuwar ta ƙaraso ta durƙusa har ƙasa, ta gaida yayarta da wata Hausa cikakkiya mai daɗi, irin wadda mu 'yan Ankara sai a rediyo muke ji.

"Yaya, na same ku lafiya?"

Duk muna jira a rungume juna a yi kuka. Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa. Can ta ce, "Lafiya lau. Tashi ki duba mini tukunyar can, ƙafata ba ta barina."

Ƙaramar Gwaggo ta tashi, ta ajiye mayafinta a kan igiya, ta wanke hannu, ta buɗe tukunya. Ta ɗebo kaɗan a ludayi, ta hura, ta ɗanɗana, ta tauna a hankali.

"Kanwa ta yi yawa," in ji ta.

"Ji mini yarinya," in ji Gwaggo. "Daga zuwa sai gyara."

Sai a nan suka kama dariya, dariyar ta juye kuka, suka riƙe juna a tsakiyar hayaƙi, ludayin na hannun ƙaramar ba ta saki ba. Tare suka ƙarasa kwanakinsu a ɗaki ɗaya, kullum suna musu a kan girki, kuma ba su daɗe tsakanin juna ba da Allah ya karɓi abinsa. Allah ya yi musu rahama, ya sa a can ma ɗakinsu ɗaya.